Babi na Bakwai: Idon Sawun Ɗan Kareti

Unguwar St. George tana bakin ruwa, a ƙuryar arewa maso gabas ta tsibirin Staten, ɗaya daga cikin yankuna biyar da suka haɗu suka zama birnin New York. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke yawo da mutanen birnin bai kai tsibirin ba. Mai son zuwa Manhattan sai ya gangara tasha ya shiga jirgin ruwa, ya yi minti 25 a kan teku, kuma tun 1997 ba a karɓar ko sisi a hannunsa. Idan ya dawo, duk hanyar da ya ɗauka daga tashar zuwa cikin unguwa hawa ce: ya wuce babban ofishin mulkin yankin, ya haura titin Hyatt inda tsohon gidan wasan St. George yake tsaye tun 1929, daga nan tudun ya ci gaba. Da hunturu ƙanƙara kan daskare a kan waɗannan hanyoyi. Unguwa ce da mai ciwon ƙafa yake jin ta a jikinsa safe da yamma.

Matasan tsibirin suna yi masa laƙabi da Shaolin. Sunan ya yaɗu ne ta bakin mawaƙan Wu-Tang Clan, waɗanda da yawansu suka tashi a rukunin gidajen Park Hill da Stapleton, kudu kaɗan da St. George, suka kuma fitar da faifansu na farko a 1993. Finafinan faɗa na Hong Kong, inda suka samo sunan, su ne suka raine su, irin waɗanda suka riƙa cika silimomin Kano a shekarun 1970 da 1980, yara su fito suna tsalle suna kai wa iska hauri. A Park Hill ɗin ne 'yan Laberiya da yaƙi ya koro suka tare daga baya, sauran mutanen Afirka ta Yamma kuma suka bazu a unguwannin arewacin tsibirin. 'Ya'yansu da jikokinsu na cikin yaran da ake gani da yamma sanye da fararen kaya, da ɗamara mai launi a ƙugu, za su makarantar kareti. Iyaye suna son abin, kuma da dalilinsu: ana koyar da ladabi, ana gajiyar da yaro, ana raba shi da zaman bakin titi.

Abin da uwa ke tsoro idan ɗanta ya fara shiga gasa shi ne duka a fuska. Tsoron nan yana da tushe. Likitan ƙashi Rafael Arriaza na ƙasar Sifaniya da abokin aikinsa Manuel Leyes sun bi diddigin raunukan da aka samu a gasar duniya uku a jere, ta 1996 a Afirka ta Kudu, ta 1998 a Barazil da ta 2000 a Jamus, suka tarar fiye da kashi 70 cikin 100 a fuska suke: haɓo, fashewar leɓe, kumburin ido. Har a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, karo ɗaya tilo da kareti ya shiga wasannin, abin da duniya ta riƙe shi ne haurin da Tareg Hamedi na Saudiyya ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran a wasan ƙarshe. Ɗan Iran ya suma, alƙalai suka kori Hamedi saboda dukan ya wuce ƙa'ida, lambar zinare ta tafi ga wanda aka fitar a kan gadon marasa lafiya.

Sai dai likitan gasa ba ya rubuta komai sai abin da aka kawo gabansa. Ɗan wasa kan yi minti 3 a fagen gasa, amma watanni ya kwashe yana atisaye kafin ranar, kuma a ɗakin atisaye babu mai riƙe da littafi. A can ne idon sawu ke gurɗewa, yaro ya zauna a gefe yana murza ƙafa, malami ya ce ya huta kaɗan, a tashi a koma gida yana ɗingishi. Haɓo kan tsaya kafin a kai gida. Targaɗen da aka yi wa sakaci kuwa yana iya bin mutum har ya yi furfura, shi ya sa na ware masa babi guda.

Mu duba abin da kareti na gasa ke nema daga ƙafa. A dokokin hukumar kareti ta duniya, naushi mai kyau maki 1 ne, hauri a gangar jiki maki 2, hauri a kai maki 3. Haka kuma wanda ya kayar da abokin karawarsa ya bi shi da duka mai tsabta kafin ya tashi, maki 3 ya samu. Ke nan doka da kanta tana tura ɗan wasa ga abu biyu: ya ɗaga ƙafa sama, ko ya taɗe ta abokin karawa. Mai kai hauri a kai ya ɗora dukan nauyinsa ne a ƙafa ɗaya, yana juyawa a kan gaban tafin ƙafar, dunduniya a sama. Shi kuma abokin karawar wannan ƙafa ɗaya da ta rage a ƙasa yake hari da taɗiya, wadda a Japan ake kira ashi-barai. Tsakanin hari da hari kuma ba a tsaye suke cak ba. 'Yan tsalle-tsalle suke yi a kan yatsu, gaba da baya, tun daga fara wasa har ƙarshensa. Ga shi ba takalmi. Kariyar da ake sakawa, ja ko shuɗiya, soso ce da ke rufe ƙwauri da bayan ƙafa don rage zafin duka, ba ta riƙe gaɓa ko kaɗan.

Akwai kuma batun abin da ake takawa. Ɗan kokawa a Maraɗi ko Tawa a kan rairayi yake karawa, idan ƙafarsa ta kafe jikinsa ya juya, rairayin kan ba da hanya. Shimfiɗar roba ta kareti an yi ta ne don ta riƙe tafin ƙafa kada a zame. Idan ta riƙe ƙafar jiki kuma ya ci gaba da juyawa, gaɓa ce za ta biya. Shimfiɗar guntu-guntu ce ake harhaɗawa kamar haƙora, kuma a makarantun da ba su da hali, idan ta tsufa mahaɗarta kan buɗe ta kama yatsa ko gefen ƙafa. Uban da ya raka ɗansa makarantar kareti ya kamata ya sunkuya ya dubi wannan kafin ya dubi kofunan da aka jera a taga.

Idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce. Biyu sun sauko daga ƙwauri, babba ta ciki, siriri ta waje, kuma ƙarshensu ne ƙullutu biyun da kowa ke iya taɓawa. Na ukun, wanda likitoci ke kira talus, yana zaune a tsakaninsu. Jijiyoyi masu kama da igiya ne suka ɗaure su. Na ɓangaren ciki masu kauri ne da ƙarfi. Na waje guda uku ne, kuma ta gaba a cikinsu ita ce mafi rauni. Idan ƙafa tana shimfiɗe a ƙasa, ƙasusuwan da kansu suna kulle juna. Da zarar dunduniya ta tashi, yatsu suka kalli ƙasa, kullin ya saki, nauyi ya koma kan wannan siririyar jijiya ta gaba. A irin wannan tsayuwa kuwa ɗan kareti yake rayuwa. Don haka mafi yawan targaɗe iri ɗaya ne: tafin ƙafa ya lanƙwasa ciki, gefen waje ya taka ƙasa, jijiyar ta miƙe fiye da ƙima, ko ta ɗan yage, ko ta tsinke gaba ɗaya. Akwai wani targaɗen da ya fi wannan wuyar sha'ani, wanda ke samun jijiyoyin da suka haɗa ƙasusuwan ƙwaurin biyu a saman gaɓar, galibi idan ƙafa ta kafe aka murɗe ta waje. Zafinsa a sama yake, kumburinsa sau da yawa bai kai na wancan ba, amma ya fi shi daɗewa bai warke ba.

Inda ake yin asara shi ne makonni biyu bayan raunin. Kumburi ya sace, zafi ya ragu, yaro yana tafiya ba ɗingishi. Uwa ta ce alhamdulillahi, malami ya ce ga gasa nan tafe ƙarshen wata, yaron kuma ba ya son a ce masa mai raki. Alhali jijiyar da ta yage tana buƙatar makonni shida zuwa goma sha biyu kafin ta yi ƙwari. Igiyar guga da ta fara tsinkewa tana iya jawo ruwa yau da gobe, amma kowa ya san ranar da guga zai zauna a rijiya tana zuwa.

Ba ƙwarin jijiyar ne kaɗai ke raguwa ba. A 1965 wani likitan ƙashi na Ingila, Michael Freeman, ya yi bayanin abin da ya sa wasu ke ta ƙorafin ƙafarsu tana kuɓuce musu ko bayan targaɗe ya warke. A cikin jijiyoyin gaɓa akwai 'yan ƙananan masu kai saƙo, da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take zaune ba tare da ido ya duba ba. Su ne ke sa mutum ya taka dutse cikin duhu ƙafarsa ta gyara kanta kafin ya ankara. Targaɗe yana lalata su. Saƙo ya riƙa zuwa a makare, tsokar da ke gefen ƙwauri wadda aikinta ta janyo ƙafa ta dawo daidai ita ma ta makara, sai a sake gurɗewa a kan abin da da ba zai yi komai ba: bakin kwalta, matakalar tashar jirgi, ƙafar abokin atisaye. Likitocin wasanni suna ƙiyasta cewa har kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka yi targaɗen farko kan ci gaba da fama da gaɓar. Kowane sabon targaɗe kuma yana iya gurje guringuntsin da ke lulluɓe da talus, guringuntsi kuwa ba ya tsirowa yadda fata ke yi. Daga nan ne amosanin gaɓa ke samo hanya ga mutumin da bai kai shekara 40 ba.

A gida, wanda ya yi targaɗe wurin mai ɗori ake kai shi. Ban raina maɗora ba. A ƙauyukan da babu asibiti su ne suka riƙe mutane tun kaka da kakanni, kuma akwai masu hannu a cikinsu. Amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Ja da murza gaɓar da jijiyarta ta yage yana ƙara ɓarna, ɗauri mai tsanani da karare kuma yana iya tsayar da jini. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kawo musu hannu ko ƙafa ta riga ta mutu a cikin ɗauri, ba abin yi sai yankewa. Mutanenmu da ke New York sun bar maɗori a gida, amma ɗabi'ar ta biyo su: kawu ya kama ƙafa ya ja har ta yi ƙara, a shafa man zafi, a gasa da ruwan zafi tun daren farko. Zafi da murza a kwana biyun farko ƙara kumburi suke yi.

To yaushe ake zuwa asibiti? A nan likitocin Kanada sun sauƙaƙa wa kowa. A 1992 Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa suka fitar da ƙa'idar da ake bi yanzu a sassan gaggawa na duniya don sanin wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi ne, a ɗauki hoto. Idan aka danna ƙashi ya ji zafi, a bayan ɗaya daga ƙullutu biyun ko a ƙarshensa, har zuwa santimita 6 sama, a ɗauki hoto. Haka idan zafin yana kan ɗan ƙashin da ya turo a tsakiyar gefen ƙafa ta waje, ko takwaransa na ciki. Ƙa'idar ba ta cika kasa gano karaya ba. Ga yara akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan, domin ƙarshen ƙasusuwansu yana da wurin girma da bai rufe ba sai sun kai wajen shekara 14 zuwa 17, kuma wurin yana iya tsagewa. Ƙafar da ta karkace, ko ta yi sanyi, ko yatsunta suka mutu ba a jin su, wannan ba ta jiran wayewar gari.

Na san abin da ke hana da yawa daga iyayenmu zuwa: kuɗin asibiti a Amurka, da tsoron a tambaye su takardu. Ga abu biyu da ya kamata kowa ya sani. Dokar tarayya ta 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Jihar New York kuma tana da inshorar lafiya ta yara mai suna Child Health Plus, wadda ke karɓar duk yaron da bai kai shekara 19 ba kuma yake zaune a jihar, ba tare da la'akari da matsayin takardunsa ba. Daga St. George, asibitin Richmond da ke West Brighton 'yar tafiya ce a bas.

Idan hoto ya nuna ba karaya, nan aiki ya fara. Shawarar da aka fi sani ita ce wadda likita Gabe Mirkin ya yaɗa a 1978: hutu, ƙanƙara, ɗauri da bandeji, da ɗaga ƙafa sama. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa. Abin da masu gashin ƙashi ke koyarwa yanzu shi ne a kare ƙafar na 'yan kwanaki, a naɗe ta ba da tsanani ba, a ɗaga ta, ƙanƙara kaɗan don rage raɗaɗi, sannan a fara takawa da zarar zafi ya bari. Gaɓar da aka kwantar makonni tana sandarewa, tsokarta ta zube.

Babban maganin shi ne wanda ya fi arha, kuma shi aka fi watsarwa: koya wa ƙafa tsayuwa daga farko. A tsaya a kan ƙafar da ta ji ciwo, ɗayar a sama, har rabin minti. Idan ya samu, a rufe ido. Idan wannan ma ya samu, a hau matashin kai ko wani katako mai lilo da ake yi don haka, wani ya riƙa jefo ƙwallo ana cafewa. A ƙarfafa tsokar gefen ƙwauri da robar motsa jiki, a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa a bakin matakala. Masu bincike a Amsterdam sun gwada wannan a kan 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe, suka wallafa sakamakon a 2009. Rabi an ba su atisayen tsayuwa na makonni takwas su yi a gida ba mai sa ido, rabi an bar su da kulawar da aka saba. Cikin shekara guda, kashi 33 cikin 100 na waɗanda ba su yi ba sun sake gurɗewa. A waɗanda suka yi, kashi 22. Ba injin da aka saya, ba allura.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kareti ya fi yawancin wasanni dacewa da wannan atisaye. Salon da Gichin Funakoshi ya kai Tokyo daga Okinawa a 1922 cike yake da tsayuwa a ƙafa ɗaya da sauya nauyi a hankali, musamman a ɓangaren kata, inda mutum ke jera motsi shi kaɗai ba abokin karawa. Feryal Abdelaziz ta Masar, wadda ta zama mace ta farko da ta ciyo wa ƙasarta zinare a Olamfik a gasar Tokyo ta 2021, da Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar da ya ci azurfa a wasan taikwando a Rio a 2016, duk wanda ya kalli wasansu zai ga ƙafar da ke ƙasa ce ke ba ta sama damar kai duka. Malamin da zai ware minti goma a farkon kowane darasi don tsayuwa da saukowa daga tsalle bai fita daga koyar da kareti ba.

Kafin yaro ya koma karawa, akwai gwajin da uba zai iya yi a falo. Ya tsaya a ƙafar ido rufe, a kwatanta da lafiyayyar. Ya yi tsalle a kanta gaba da gefe sau goma, ya sauka ba tangaɗi ba yamutsa fuska. Ya durƙusa gwiwa ta wuce yatsu dunduniya ba ta tashi ba, daidai da ɗaya ƙafar. Wanda ya kasa ɗaya daga waɗannan bai isa taɗiya ba tukuna. Ya ci gaba da kata da aikin hannu. Idan ya koma, maɗaurin idon sawu ko naɗin filasta na wasu watanni yana rage haɗarin maimaici. A gasa dai doka ta ce duk bandeji ko maɗauri sai alƙalin wasa ya amince bisa shawarar likitan gasa, don haka a nemi izini tun kafin a kira suna. Dokar ta kuma ba wanda ya ji ciwo minti 3 kacal a duba shi, wanda ya faɗi bai miƙe cikin daƙiƙa 10 ba kuwa an cire shi daga karawa a gasar baki ɗaya. Minti 3 ba sa isar kowa ya tabbatar da lafiyar jijiya, kuma yaro mai jin kunyar abokansa zai ce lafiyarsa ƙalau. Babba ne ya kamata ya ce a'a a madadinsa.

Waɗanda gaɓarsu ta ci gaba da kuɓucewa bayan watanni na gashi na gaskiya, akwai tiyatar da likita Lennart Broström na ƙasar Suwidin ya bayyana a 1966, inda ake tattaro jijiyar da ta saki a ɗinke ta a matse. Ana yin ta a manyan asibitocin ƙashi, kuma yawancin waɗanda aka yi wa suna komawa wasa. Amma watanni take ci, ga kuɗi, kuma kaɗan ne suke kaiwa gare ta cikin waɗanda aka kula da targaɗensu na farko.

Iyaye, idan yaro ya dawo daga makarantar kareti yana ɗingishi, a cire masa safa a duba, a sa shi ya yi taku huɗu, a danna ƙashi. Kada a ja ƙafar, kada a gasa ta a daren. Malamai kuma, wanda ya yi targaɗe a hannunku kada sunansa ya shiga jerin masu gasa sai ya cika makonni takwas na atisayen tsayuwa, ko da shi ne gwanin makarantar.